Duwatsun da Ban Sa a Taswira Ba

Upper Marlboro, Maryland

Zuwa ga autata, Dakta Rahama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Memphis lafiya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da maƙwabta nagari da shugabanni masu adalci a asibitin da za ki fara aiki. Ummanki ta cika miki akwati da yaji da kuka da daddawa, ni kuwa abin da na iya cusawa a aljihun gefe shi ne wannan. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki yi ɗan tsaki, tunda kullum in na yi miki Hausa da Turanci kike mayar mini. Ki daure ki bi ta a hankali, inda kika kakare ki kira Ummanki. Da Turanci na iya kare kaina, da Hausa kuwa ban iya ba, shi ya sa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Kurakuraina zan faɗa miki, waɗanda na yi ina babba da hankalina. Kin san ƙungiyar sa-kai da nake zuwa yi wa aiki duk Asabar, ta masu tono tarihin baƙaƙen wannan yanki, har kina yi mini tsiya wai na zama ɗan coci don a ɗakin ƙasa na cocinsu muke taro. Abin da ba ki sani ba shi ne ta ƙofar da na shiga cikinta. Ba ta ƙofar kirki ba ce.

Lokacin da na zo ƙasar nan, kafin in gama kwance kayana a Beltsville, 'yan'uwanmu da suka riga ni zuwa sun gama yi mini huɗuba a kan baƙaƙen Amurka. Kada ka yi hulɗa da su, kada ka kama haya a unguwarsu, kada ka bari 'ya'yanka su ɗauki halinsu. Akwai ma wani suna da ake kiransu da shi, ba zan ɓata takardata da shi ba. Na haɗiye maganar nan ban tauna ba. Ban zauna da ko mutum ɗaya cikinsu na ji labarinsa ba, amma na yanke musu hukunci gaba ɗaya, har na kawo muku shi gida. Kin tuna ranar da kika zo da ƙawarki ta aji uku, na tambaye ki 'yar wace ƙasa ce, kika ce 'yar nan ce, na ɗaure fuska? Ke wataƙila kin manta. Ni ban manta yadda yarinyar ta ajiye kofin lemonta a hankali ba tare da ta sha ba.

Garin da kika je, yawancin waɗanda za su kwanta a gabanki su ne. Duk wanda ya tare ki a makon farko ya ce bari ya gaya miki halin mutanen garin, ki gode masa, ki ajiye maganarsa a bakin ƙofa, ki shiga ki gani da idonki.

Wannan rainin ne ya kai ni ga babban kuskuren. Kina goye a lokacin. Ina aikin safiyo da wani kamfani, mu ne masu auna fili mu zana taswira kafin a fara gini. Aka tura ni wata tsohuwar gonar taba a bayan garin nan, an sayar da ita za a gina gidaje. Kwana uku ina awo. A rana ta uku na shiga wani ɗan kurmi a kusurwar gonar, inda ƙasa ta gangara zuwa rafi. Ina shiga na ja na tsaya. Duwatsu ne a kafe, irin waɗanda ake tsinta a gona, ba sassaƙa ba rubutu, amma a jere suke layi-layi. Gaban kowane dutse ƙasa ta ɗan lotsa daidai tsawon mutum. Wata ciyawa mai yaɗo, kore shar, ta lulluɓe wurin.

Rahama, ni ɗan Rano ne. Na taso ina ganin makabartar garinmu inda ba a rubuta sunan kowa, sai fasasshiyar tukunya ko guntun icce a kan kabari. Ba wanda zai koya mini kamannin kabarin talaka. Na san abin da nake kallo. Har na ciro ɗan littafin da nake rubuta awo, na zana duwatsun ɗaya bayan ɗaya, na auna nisansu daga turakun iyaka, don hannuna ya saba da haka.

Ina fitowa sai ga wani dattijo baƙi jingine da shingen gidansa, da hular hana-salla a kansa. Ya yafito ni.

Ya ce, “Ɗana, ka ga mutanena a ciki?”

Na ce, “Waɗanne mutane?”

“Kakata tana nan, da uwarta, da waɗanda suka yi bauta a gonar nan tun kafin a 'yanta su. Ka sa su a takardarka.”

Na ce, “Kana da wata shaida a rubuce?”

Ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba. “Wa zai rubuta mana? Ni ne shaidar.”

Na ce masa zan duba. Ko sunansa ban tambaya ba.

Da na koma ofis na nuna wa shugabana zanen. Ya jujjuya littafin, ya ce takardun filin ba su ambaci makabarta ba, in muka sa ta aiki zai tsaya wata da watanni, mai filin kuma zai nemi wani kamfanin. Bai ce in goge ba. Ina so ki lura da wannan, don na daɗe ina ɗora masa laifin. Cewa kawai ya yi, “Kai ka je, kai za ka sa hannu.” Ni kuwa lasisina sabo ne, ga ku uku, ga takardun zama ba su daɗe da fitowa ba. Na ce a raina, ai maganar wani tsoho ce da ba shi da takarda. A kusurwar nan ta taswira na rubuta “kurmi”. Na buga hatimina, na sa hannu, na tashi na yi La'asar kamar ban yi komai ba.

Ke ma za ki riƙa sa hannu a fayil ɗin marasa lafiya. Wata rana tsohuwa za ta ce miki ga inda ke mata ciwo, na'ura ta ce babu komai, babbanki yana sauri, layi ya yi tsawo. Ki rubuta abin da ta faɗa da abin da idonki ya gani. Wanda zai zo bayanki takardar zai karanta, ba abin da kika bari a zuciyarki ba.

Aka gina gidaje a rabin gonar, aka ja titi ta gefen kurmin, aka sa kwalbati. Sauran ya zauna haka saboda damshi. Mu ma Allah ya buɗa mana muka samu gidan nan, tafiyar minti goma daga wurin. Shekara goma sha uku ina zagayawa ta wata hanya don kada in wuce ta nan.

Wata Asabar da hantsi ina wanke mota sai wata mata ta tsaya a ƙofar gidanmu, gajera, kanta fari fat, da jaka cike da takardu. Mis Odessa ce, wadda ta zo bikin kammala karatunki da hula mai faɗi, amma a ranar ban taɓa ganinta ba. Tsohuwar malamar makaranta ce, ita da wasu 'yan fansho suka kafa ƙungiyar. Aikinsu su bi takardun kotu da na coci, su naɗi muryar tsofaffi, su gyara abin da aka rubuta ba daidai ba a kan mutanensu, su cike inda aka yi shiru. Ta warware taswira a kan bonet ɗin motata, duk da ruwan da ke kai, ta ɗora yatsa a kan hatimi.

Ta ce, “Kai ne Mista Garba?”

Na ce ni ne.

“Da zarar sanyi ya wuce za su share sauran kurmin nan. Mun je hukuma, sun ce taswira ta ce kurmi. Yawancin duwatsun an ture su, an zuba shara a kai, ba mu da abin nunawa. Amma kawuna Clement, kafin ya rasu, ya gaya mini ya yi magana da wani safiyo ɗan Afirka a bakin shingensa. Ya ce mutumin ya daɗe a ciki yana rubutu. Ba faɗa ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya ce da ni: me ka gani?”

A ranar na fara jin sunan dattijon.

Na ce mata shekaru sun ja, filaye da yawa na auna, ba zan iya tunawa ba. Littafin kuwa yana cikin kwali a garejin da ke bayana, bai fi taku goma ba. Ta dube ni irin duban da malama ke yi wa ɗalibin da ya ce bai ga wanda ya fasa taga ba. Ta rubuta lambarta a guntun takarda ta miƙo mini, ta ce, “In ka tuna.”

Ummanki tana bakin taga, ta ji komai. Da muka zauna cin abincin rana, ku kun fita, sai ta tayar da maganar.

Ta ce, “Malam, ka tuna ko ba ka tuna ba?”

Na shiga kawo mata zancen lasisi da aiki da makarantarku. Ta bari na gama tsaf.

Ta ce, “Da Baba ne a kwance a Rano wani ya zo ya rubuta ‘kurmi’ a kansa, me za ka kira mutumin?”

Ta kwashe kwanuka ta bar ni zaune. Mako uku na yi ina jan ƙafa. A cikinsu ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta ɗauko kwalin daga gareji ta ajiye shi kusa da dardumar sallata. Duk sallar da zan yi a gida, in na yi sallama ta dama, shi nake fara gani.

Ranar taronsu na ɗauki littafin na tafi. Su bakwai ne ko takwas zagaye da tebur, yawancinsu sun girme ni, ga kofi ga tarin fayil. Na buɗe shafin na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Wani tsohon direban bas, Mista Ruben, ya tashi ya fita ya bugo ƙofa. Daga baya na ji kakarsa a layin bakin hanya take, kusa da wata babbar bishiya da katafila ta tumɓuke. Mis Odessa ta ja littafin gabanta, ta bi duwatsun da yatsa tana ƙirgawa a hankali. Da ta gama ta ɗago.

“Ka makara, Mista Garba. Amma ka zo. Za ka maimaita wannan a gaban hukuma?”

Na ce zan yi, kuma na yi. Aka dakatar da share kurmin, aka kawo masu na'urar duba ƙarƙashin ƙasa, suka bi awon da ke littafina suka samu kaburburan a inda na zana su. Aka cire kusurwar daga filin gini aka kewaye ta. Layin farko kuwa ya riga ya tafi ƙarƙashin kwalta, ba abin da zai dawo da shi. Ni kuma aka dakatar da lasisina na wani lokaci, kamfanin ya sallame ni. Watannin nan da kika ga ina gida ina kai ki makaranta, muka ce miki hutu na ɗauka, to ba hutu ba ne. Ummanki ce ta riƙe gidan har na samu wani aikin. Ki yafe mana wannan ƙaryar.

Za ki yi kuskure a aiki, babu makawa. In kin yi, ki kai kanki da ƙafarki tun da wuri. Jinkirin nan da na yi shi ya hana ni neman gafarar Mista Clement yana da rai. Mista Ruben kuwa sai da ya shekara bai amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinsa ba. Wanda kika ɓata wa shi ke da ikon zaɓar ranar da zai huce, ba ke ba. Naki kawai ki ci gaba da gaishe shi. Yanzu ni da shi ke yankan ciyawar wurin, yana yi mini gori wai duk ilimina ban iya riƙe inji ba.

Za ki zaci daga nan na yi hankali. Ina! Sabon tuba ne a kaina, na wuce gona da iri. Da yake ba ni da aiki sai na tare a wurinsu. Suka koya mini karanta tsohon rubutun hannu, na riƙa hawa jirgin ƙasa na Metro zuwa Washington in yini a ɗakin adana takardu, wani lokaci kuma a kotun garin nan. A cikin wasiyyar wani da ya taɓa mallakar gonar, inda ya rarraba wa 'ya'yansa mutane kamar yadda ya rarraba musu dawakai, na ci karo da wani suna: Sambo. Sambo! Sunan ƙanen mahaifina ke nan. Sai na tuna kaburburan nan duk sun miƙe gabas da yamma. Kafin jirgi ya kawo ni tasha na gama gina labari: Bahaushe ne ko Bafulatani, Musulmi ne, wataƙila ma malami, an kamo shi, ya rasu a nan, an binne shi yana duban gabas. Ban kai wa ƙungiya ba, sai na tafi da labarin walimar suna a gidan wani ɗan'uwanmu a Beltsville. Na miƙe na sanar cewa mun gano kabarin kakanmu a Maryland. Aka yi kabbara. Wani likita ya ce a kafa allo da Larabci, wani kuma ya ɗauke ni a waya ya watsa.

Kafin Asabar bidiyon ya kai ga Mis Odessa. Bayan taro ta ce in dakata.

“Wace takarda ce ta ce Musulmi ne?”

Na ce, “Sunan namu ne.”

“Yana iya zama naku. Yana iya zama na wasu, ba ku kaɗai ke da shi ba. Yana iya zama kuma ubangidan ne ya laƙaba masa, don a ƙasar nan da sunan nan aka daɗe ana yi mana izgili. Ka san wannan?”

Ban sani ba.

“Kuma wane kabari ne nasa a cikin duwatsun da ba rubutu? Ka ma tabbata a nan aka binne shi, ba sayar da shi aka yi aka kai shi kudu ba?”

Na kawo maganar gabas. Ta ce, “Kai ne safiyo. In yau za a binne ka a garin nan, haka za a miƙar da kabarinka?”

Ni da na sha auna wa mutane alƙibla a gidajensu, na san Musulmi a gicciye ake kwantar da shi, fuskarsa ce ke dubanta. Waɗannan kuwa ƙafafunsu ne a gabas, yadda Kiristoci ke yi. A gida mun saba kiran alƙibla gabas, kalmar ce ta ruɗe ni, kuma na bari ta ruɗe ni don haka nake so.

Ta cire tabaranta ta ajiye. “Mista Garba, waɗanda suka ƙi mu sun yi mana ƙarya shekaru aru-aru. Ba mu kafa ƙungiyar nan don masu ƙaunarmu su zo su yi mana wata ƙaryar mai daɗi ba. An kawo Musulmi ƙasar nan cikin sarƙa, wannan ba mai musu. Amma mutumin nan an riga an ƙwace masa komai. Kada kai ma ka zo ka mai da shi abin da kake so.”

Juma'ar da ta biyo na tsaya a harabar masallaci na janye maganata a gaban waɗanda suka yi kabbara. Wallahi ya fi mini tsayuwa gaban hukuma wuya, don can baƙi ne, nan kuwa masu kirana Injiniya ne. A allon da ke ƙofar makabartar yanzu akwai sunayen da aka samu a takardu. Sambo na ciki, a gabansa an rubuta cewa ba a san asalinsa ba, ba a san inda ya kwanta ba.

“Ban sani ba” magana ce cikakkiya, Rahama, likita ma yana da ikon faɗarta. Kuma ki fi tsoron labarin da ya yi miki daɗi. Wanda ya ɓata miki rai da kanki za ki bincike shi, mai daɗin ne ke wucewa ba wanda ya tsayar da shi.

Kada ki karanta wannan ki ɗauka ubanki yana cikin baƙin ciki. Alhamdu lillahi, ban taɓa samun natsuwa irin ta shekarun nan ba. Ina bin titin nan yanzu kullum, in sassauta mota daidai kwalbatin. Ina da abokai da na kusa mutuwa ban san su ba. Duk kaka jikokin waɗanda ke kwance a wurin suna taruwa daga garuruwa, a karanta sunaye, a ci abinci, Ummanki ta kai dafa-duka a yi ta rububinta. Mis Odessa ta fara dogara sanda, amma har yau in na kawo mata labari sai ta ce, “Wa ya faɗa?” Na sake auna makabartar da hannuna na zana sabuwar taswira, dutse bayan dutse, kuma cikin duk abin da na taɓa buga wa hatimi ita kaɗai na sa a firam.

Saura ɗaya, wanda ya fi daɗewa a cikina.

Bara muka je gidan kula da tsofaffi naɗar muryar wata tsohuwa, ni ke riƙe da waya. Da muka gama sai ta juyo gare ni ta ce, “Kai ɗan Afirka, naka mutanen fa? Lokacin da ake wannan abu, su suna wane ɓangare?” Na buɗe baki zan ba ta amsar da na saba ba ku, cewa mu gidan malamai ne. Sai na ga Mis Odessa tana kallona ta saman tabarau. Na ce, “Zan tambaya.”

Gaskiyar ita ce na san fiye da abin da na faɗa muku. Kakana malami ne, wannan haka yake. Amma akwai bayi a gidansa, su ke noma gandunsa. Kuma kakata wadda ta haifi mahaifina, muna kiranta Iya, ba da sadaki ta shigo gidan ba. An kamo ta tana yarinya daga wani gari na kan duwatsu can kudu da mu, aka sayar da ita, ta girma a gidan, kakana ya sa ta a ɗaka. Na san ta. Ita ke ɓoye mini ƙanzo in na dawo daga makaranta. Tana da wani zane a kumatu da ba irin na kowa ba a garin, in na tambaya sai a ce in rufe baki. Jinin wanda ya saya da na wadda aka saya duka suna jikina, suna jikinki.

Na kira Gwaggo Asabe a Rano, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Iya, ido ya tafi amma kai garau. Na yi yadda aka koya mini: na nemi izininta, na kunna naɗi, na kame bakina. Da farko faɗa ta yi.

“Garba, me ya kai ka tonon wannan? Ka rasa abin yi ne a Amurka?”

Na ce, “Gwaggo, jikokinki ne za su tambaye ni.”

Ina jin kukan awaki a bayanta. Sannan ta fara. Ta ce Iya ba ta taɓa faɗin sunan garinsu ba, ko ta manta ne ko ba ta so, Allah masani. Sunan da aka san ta da shi ma a gidan aka raɗa mata. Abin da ta taɓa faɗa kawai, ita da yayarta suna ɗiban ruwa aka zo. Ta yi salla har ta koma ga Allah, ta yi Hausa kamar kowa. Sai dai abu ɗaya: in tana ƙirga kajinta za ta rufe akurki, ba da Hausa take ƙirgawa ba. Gwaggo ta ce, “Tsaya, ina jin ban manta ba.” Ta ƙirga mini ɗaya zuwa biyar da wani harshe da ban taɓa ji ba. A na shida ta kakare. Ta sake farowa, ta sake kakarewa. Ta ce, “Iyakar abin da na riƙe ke nan.”

Na kai wa Mis Odessa. Ta saurara sau biyu, ta miƙo mini fom irin wanda muke cikewa ga kowane tsoho, ta ce in rubuta wanda ya faɗa da wanda ya ji da abin da ba a sani ba. Na ce ai Iya ba 'yar yankin nan ba ce. Ta ce, “Jikanta a nan yake zaune, tattaɓa-kunnenta a nan aka haife ta. Cike.” Fayil ɗin Iya yana cikin akwatin ƙungiya yanzu, tare da na sauran.

Kamata ya yi in gaya muku tun kuna ƙanana. Kunya ce ta hana ni, kuma sai yanzu na gane ba a inda ya dace na ajiye kunyar ba. Ba Iya ce abin kunya ba. Yayyenki zan gaya musu baki da baki in sun zo, ke na fara da ke don ke ce mai tafiya nesa. In Allah ya ba ki 'ya'ya kada ki ɓoye musu, kada kuma ki ƙawata. Kada ki ce 'yar sarki ce aka sato. Ba mu sani ba. Yarinya ce da ta je ɗiban ruwa.

Kalmomin nan biyar suna kan 'yar takardar da na maƙala a bayan wannan, na rubuta su yadda kunnena ya ji, muryar Gwaggo kuma zan turo miki a waya. Na gwada su a kan mutanenmu na nan, wani ya ce sun yi kama da na wajensu, wani ya ce a'a, ban ɗauki ko ɗaya a matsayin tabbas ba. Asibiti matattarar jama'a ce. In kin haɗu da wata nas ko wani mara lafiya daga ƙasarmu, bayan kin gama abin da ya kawo shi, ki ƙirga masa. Wataƙila wata rana wani ya ɗago kai ya ce miki shida.

Allah ya tsare mini ke a fita da shiga, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum da na zuciya. Allah ya sa waraka a hannunki, ya sa gaskiya a alƙalaminki. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, ki riƙa kiran Ummanki ko ba ki da abin faɗa. Allah ya jiƙan Iya, ya saka wa duk wanda aka zalunta, ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba